Kwanon Miyar Iya Falmata

Ranar da na fara sana'ar tangaran, da hannuna na kashe faranti shida, kuma ina yi ina waƙa. Maigidana Malam Bukar, mai sayar da tsofaffin kaya a unguwar Zango ta Damagaram, ya sayo su daga gidan wani tsohon kuku, ya ce in wanke kafin ya dawo daga masallaci. Ni kuwa ɗan uwata ne, na san yadda ake wanke kwano: toka, yashi da soso. Na zauna na dirje su tas. Akwai wani siririn zare na ruwan zinari a bakin kowanne, na ɗauka wata irin tsatsa ce ta gidan masu kuɗi, na bi shi na kankare har ba alama. Malam Bukar ya dawo ya tarar na jera su a rana, na harɗe ƙafa ina jiran yabo. Bai dake ni ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya dube ni, ya ce, "Mutari, da fasa su ka yi da na ce tsautsayi ne. Wannan kuwa ƙoƙari ka yi."

Na fara da wannan ne saboda ku yaran yanzu, musamman 'ya'yan ƙanena da ke ɗaukar hoton faranti da waya su aika Yamai, kuna cewa ai sana'ar Baba Mutari zaman banza ce: sayi tsohon kwano, sayar da tsohon kwano. Lakwal, wato boko, aji uku na yi, mushe malaminmu ya kore ni don na ajiye masa ƙadangare a aljihun tebur, saboda haka kada ku nemi kyan rubutu a nan. Amma abin da zan faɗa ba a koyar da shi a aji.

Ku fara sanin inda kayan suka fito, don ba daga sama suka faɗo ba. Lokacin da Nasara suka naɗe tabarmarsu, ba kowane kumandan, wato Baturen mulki, ya iya tafiya da kwanukansa ba. Hanya da nisa, mota da girgiza. Sai a bar wa kuku, a bar wa boyi, a bar wa gardin bakin ƙofa. Wasu kuma tsofaffin soja suka zo da su a akwati, wasu fatake daga Kano. Namiji in ya kawo irin wannan gida to ya rabu da shi, hannun mata zai faɗa, mata kuwa ba su ci a ciki. Jere ake yi da shi. A ɗora shi a saman langa da tasoshi, can ƙololuwa inda hannun yaro ba ya kaiwa, a sauke a goge ran jajibirin salla a mayar. Kuma jeren mace ba abin da namiji ke taɓawa ba ne, ko mijinta, ko ɗan da ta haifa. Shi ya sa farantin da ya shekara talatin a Birni ya fi wanda ya shekara uku a Faransi lafiya. Can wuƙa suke sawa su yanka nama a kansa. Nan ko ƙuda sai ya yi sallama.

Kayan aikina ba su cika aljihu ba. Babba shi ne farcen yatsan nan nawa na nuni, wanda ban taɓa yanke shi ƙasa-ƙasa ba har yau. Lafiyayyen tangaran, in ka ɗora shi a kan yatsu uku ka ɗalla masa farce, sai ya yi ta kuka tiiin kamar ba zai daina ba. Mai tsaga kuwa, ko tsagar ta fi gashi siranta, sai ya ce maka taf, ya yi shiru. Na biyu rana. Ka ɗaga faranti sama, ka sa tafinka a bayansa. In ka ga inuwar yatsunka, na gaske ne. In ba ka gani ba, ƙasa ce aka shafa wa fari, ka mayar wa mai shi ka yi masa addu'a. Tambarin da ke gindi ban iya karanta shi ba, sai na raɗa musu suna: mai hular sarki, mai tsuntsu, mai koren rubutu. Masu saye suna kiran wasu sunaye da hanci, ni ina gyaɗa kai kamar tare aka haife mu.

Wani kaya da na ɗauko daga Mirriya ran kasuwa shi ya koya mini shiryawa. Na jera farantai a kwance, ɗaya bisa ɗaya, na ɗaure kwando na ɗora a saman kamyo, babbar motar kaya, na zauna a kai don kada a sace. Muka iso Damagaram na buɗe, sai na tarar na zauna a kan tsakuwa mai fure. Faranti a tsaye yake tafiya, kamar mutane a sahu, da takardar buhun siminti tsakanin kowane biyu, a cika gefe da ƙaiƙayi har ba ya motsi. Kofi ba a ɗaukarsa ta hannu. Abu mai marfi kuwa, marfin daban ake naɗewa, kuma ba a saye sai an ɗaga marfin an leƙa ciki, don tsaga ta fi son ɓuya a ƙasan ciki. Ku riƙe wannan ta ƙarshe.

Akwai gyare-gyare. Ɗan ɓalli a baki, ƙaro da farar ƙasa da farin ƙwai, a shafa a bari ya bushe. Tsaga mai baƙi, a dafa farantin cikin madara a hankali, sai ta dushe har mai saye ya kai gida. Waɗannan duk Malam Bukar ya koya mini, kuma shi yakan faɗa wa mai saye an yi gyara. Akwai dabarar da ni na gano da kaina, kada a ɗora wa Malam Bukar yana kabarinsa. In zan ɗalla farantin mace a gabanta, sai in saci babban yatsana in dafa bakinsa ta ƙasa. Lafiyayyen faranti sai ya ce taf. In girgiza kai, in ce, "Ash, Inna, ya sha iska." Ita ba ta ga tsaga ba, amma ta ji da kunnenta, sai ta karɓi abin da na ba ta har da godiya. In na kai wa mai saye kuwa, yatsan ya koma wurinsa, faranti ya warke.

Masu saye iri biyu ne. Akwai matan Nasara da suka zo aikin rijiyoyi da asibiti, waɗanda ke ganin faranti su dafe ƙirji su ce irin na kakarsu ne. Waɗannan ba a yi musu gaggawa, sai ka bari su yi kukansu tukuna. Sannan akwai Alhaji Sabo, Bakano, mai sauka a Zango. Shi bai taɓa dafe ƙirji ba. Yakan shigo da hatsi daga kudu ta hanyoyin da ba a tambaya, ya koma da tsofaffin kaya, wasu kuma ya sayar wa Nasaran nan gida. Shi ya koya mini cewa faranti ɗaya maraya ne, cikakken jeri shi ne dukiya.

Farin farko, wanda ya share shanu, ina ƙaramin dillali, abin da na fi tunawa shi ne madara ta ɓace, dabarar dafa faranti ta mutu tare da shanun. Fari na biyu shi ne shekarata. Haka zan faɗa don haka yake: shekarar da kowa ya rame, ni na yi tumbi. Gida in yunwa ta shige shi, akwai yadda kaya ke fita. Awaki su fara, sai zannuwa, sai langa da tasoshi, tangaran shi ne na ƙarshe. Ni kuma ina bakin ƙofa ina jira. Ba kuɗi nake yawo da su ba, kuɗi ba su da amfani a ƙauyen da ba abin saye. Rabin buhun hatsin Alhaji nake ɗaurawa a bayan keke, da tiyata ta awo, da kwando. In fita da hatsi, in dawo da fure.

A wani ƙauye na ƙasar Gaffati na samu Iya Falmata. Mijinta marigayi ya yi wa wani kumandan kuku shekaru da yawa, da za a tafi aka bar masa kayan tebur gaba ɗaya. Fari ne ƙal, da ƙananan furanni shuɗɗa, da zaren zinari irin wanda na taɓa kankarewa. Farantai manya da ƙanana, kofuna da 'yan mazaunansu, sannan a can bisa, uwarsu duka: kwanon miya mai marfi, da hannu biyu, da ɗan tuntu a ka kamar lemun tsami. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idonta ya fara hazo, bakinta kuwa ko aska. Tun ranar farko ta ɗauke ni jika, muka shiga wasan kaka da jika, shi ya ba ni izinin shiga ɗakinta.

"Ga mijin banza nan ya iso," in ji ta in ta ji ƙarar kekena. "Kullum sai dai ka zo raba ni da kayan ɗaki. Ko turmin atamfa ba ka taɓa riƙo mini ba."

"Iya, ai ke kika yi sauri kika tsufa kika bar ni. Ki sake haƙora sai a yi maganar atamfa."

"Ɗan nema. Kakanka ma da haƙorana cif na ƙi shi."

Haka muka yi ta yi, ina zuwa ina ɗauka ɗaya-ɗaya, bibbiyu. Ita ma na yi mata yatsa, ba zan ɓoye ba. Wata rana faranti ya ce taf, ta karkata kai ta ce, "Ikon Allah. Farantaina ba su mura sai ka zo." Na yi dariya, ta yi dariya, ta karɓi awon da na ba ta. Gidan akwai ɗanta Lawali, da matarsa Hajara mai goyo, da yara. Anza suke ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su haɗiyu. Lawali har gidan tururuwa ya tona yana neman ƙwayar da suka tara.

Aka wayi gari jeren Iya ya zama bango, sai kwanon miya shi kaɗai a bisa. Duk lokacin da na ɗaga kai, sai ta ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne. Sauke idonka." Ni kuma a sana'ata kowace mace haka take cewa kafin ta sayar. Alhaji Sabo ya jera sauran a tabarma, ya ce, "Mutari, garke ne babu uwa. Kawo mini uwar, in ba ka rediyon nan." Rediyo ce mai kaset, mai hannun ɗauka. Na daɗe ina kallonta.

Abin da ban sani ba a lokacin, ku ku san shi tun yanzu. Irin shukar gidan ne a cikin kwanon. Gajeren geron ƙasarsu ne mai nuna da wuri, wanda ya san ruwansu kaɗan ne. Tun kafin rumbu ya ƙare ta zaɓi zangarniya masu kyau ta sussuke a ɓoye, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta zuba ta rufe. Tiya guda ce da ɗan ɗori, amma tiyar gero tana shuka gona. Da Lawali ya tambaye ta ko akwai sauran iri a hannunta, ta ce masa babu. Ta san ɗanta, ta san kukan yara. Kuma ta san duk gidan nan ba mai hannun da zai kai saman jerenta. Ba ta yi lissafi da mijin banza ba.

Ranar na iso da hantsi, zafin bazara ya fara. Mutanen gidan duk suna tsakar gida a inuwar darni. Na shiga ɗakin Iya muka gaisa, muka taɓa wasa. Na ɗaga kai.

"Sauke idonka," in ji ta.

"Haba amarya. Wace irin mace ce miji ba ya cin tuwo a kwanonta?"

"Mutari."

Da na saurara da na ji ba muryar wasa ba ce. Amma rediyo na kaɗa mini a kunne. Na taka bakin gadonta, na miƙa hannu na sauko da shi, na yi waje da gudu ina cewa, "Jama'a ku shaida, yau na ƙwace kwanon tuwona!" Na ji nauyinsa, na ce a raina tsohon tangaran ne, da ma haka suke. Yara suka tashi suka biyo ni. Hajara ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Lawali ma ya murmusa, ya ce, "Inna, yau mijinki ya yi zuciya." Ina jin rabon gidan da dariya an daɗe. Iya ta fito tana dafa bango. Ba ta iya yin faɗa ba, don wasa ne, kuma in ta yi faɗa za a tambayi dalili.

"Kawo nan, ɗan albarka," in ji ta a hankali. "Kawo, za ka fasa."

"Bari dai in ji muryarsa."

Na durƙusa a rana, na tallafe shi, na ɗalla masa farce. Ya ce taf.

Na dubi babban yatsana. Yana can gefe, bai taɓa komai ba. Na sake ɗallawa. Taf. Ba abin da na tuna sai rediyo. Na ce lalle akwai tsaga ta gaske, kuma na faɗa muku inda tsaga ke ɓuya. Hannu ya riga hankali. Marfin ya ɗan kama, an liƙe bakinsa da tsumma, na murɗa na ɗaga.

Gero ne har wuya, toka-toka, kowace ƙwaya cikakkiya.

Dariya ta ɗauke kamar an yanka ta da wuƙa. Wata 'yar ƙarama ta miƙa hannu ta dumbuza ta kai baki, da tokar da komai, ba wanda ya hana ta. Hajara ta sauke zanen daga bakinta, ta dubi geron, ta dubi surukarta, ta juyo da goyonta gaba ta zauna.

"Inna," in ji Lawali. "Da wannan kike kwana a bisa kanki?"

"Da shi nake kwana."

"Kina jin yaran nan?"

"Kurma ce ni? Ina jin su. Da na faɗa maka da tuni ya shiga turmi. In ruwa ya sauka ka shuka me, tsakuwa?"

"Kin ce mini babu."

"Na ce. Allah ya ji, shi zan amsa wa."

Ni ina durƙushe da marfi a hannu kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Na yi ƙoƙarin mayar da shi, na ce, "To ai shi ke nan, a rufe a mayar, kamar ba a gani ba." Ba wanda ya ko dube ni. Iya ta aiki yarinya ta ɗauko ƙwarya. Da hannunta ta juye geron, ta buga gindin kwanon don kada ƙwaya ta maƙale, ta tura ƙwaryar gaban ɗanta.

"Ga shi. Kai ne maigida. Ni na tsare iyakar tsarewata, saura kai."

Sannan ta turo mini kwanon da ƙafa. "Ɗauki. Aikinsa ya ƙare."

Na san kuna jira in ce na ƙi karɓa. Na karɓa. Na juye musu duk hatsin da ya rage a buhuna ban auna ba, wannan kaɗai zan iya faɗa wa kaina. Amma na zauna a tsakar gidan nan na goge tokar, na naɗe marfin daban cikin takarda, na cika gefe da ƙaiƙayi yadda aka koya mini. Da na yi nisa da gari na tsaya a gindin wata aduwa na ɗalla masa farce. Ya yi kuka tiiin, lafiyarsa lau. Alhaji ya ba ni rediyo.

Hatsin da na bar musu ya ɗan riƙe su, ya ƙare. Damina kuwa da saura. Lawali ya yi ƙoƙari, daga baya na ji. Ya rataye irin a rufin ɗakinsa, ya rantse ba mai taɓawa. Amma irin da aka san inda yake ba iri ba ne, abinci ne. Yau a ɗebi tafi guda a yi wa mai goyo kunu, gobe yaro ba lafiya a ɗebi rabin tafi. Ba wanda ya sata, ba wanda ya yi laifi. Ran da hadari ya fara haɗuwa a gabas, abin da ke cikin ƙullin bai cika cokali ba.

Da aka yi ruwan shuka na ce to ga inda zan wanke kaina. Na je wurin Alhaji na zaɓi gero mafi kyau a kayansa, manyan ƙwayoyi farare, na ɗaura a keke na taka har ƙauyen cikin laka. Ni ɗan Zango ne, ubana dukanci ya yi, ban taɓa riƙe sungumi ba. Na sauke a gaban Lawali ina haki kamar wanda ya kawo ganima.

Ya ɗebi kaɗan ya murza a tafi, ya ciji ƙwaya ɗaya. "Wannan na kudu ne."

"Hatsi hatsi ne, Lawali. Dubi ƙwayarsa, ta yi biyun taku."

"Na ƙasar da ruwa ke daɗewa ne. Ban san ko zai jira mu ba."

"Wallahi a Kano shi ake rububi. Ka shuka, in bai yi ba ka kira ni ɗan banza."

Bakin dillali ne, ya saba rantsuwa a kan abin da bai sani ba. Lawali ya dubi sama, ya dubi ƙasa mai danshi. Maƙwabta kowa ɗan abin da tsohuwarsa ta ɓoye bai ishe shi ba balle ya ba wani. Shuka kuwa ba ta jira. Ya kira Hajara da yara suka fita gona.

Ya kuwa tsiro, abin sha'awa. Damina ta yi kyau a shekarar. Na koma na gani a tsakiyarta, geron maƙwabta iya kafaɗa, na Lawali ya fi mai raƙumi tsawo, kore shar, ganye kamar takobi. Na dawo Damagaram ina ba da labari a wurin masu shayi, da rediyona a gefe, cewa ni na kai wa mutanen Gaffati irin da bai taɓa shiga ƙasarsu ba. A wannan ban yi ƙarya ba.

Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa. Gajeren geron maƙwabta ya riga ya yi ido, ya nuna, aka shiga girbi ana ɗaura dammuna. Na Lawali a lokacin ya fara fid da kai. Yana tsaye yana jiran ruwan ƙasarsu, ruwan da ba ya zuwa nan. Kan ya bushe ba ƙwaya, in ka murza sai ƙaiƙayi ya bi iska.

A cikin kwanakin nan ne Alhaji ya samu mai sayen jerin gaba ɗaya, wata madam a unguwar ma'aikata, ya ce ni zan kai don ni na iya ɗauka. Na kai, na kwance, na goge. Tana da armuwar, wato kabad mai ƙofar gilashi. Ta jera farantan a tsaye, ta rataye kofuna, ta sa kwanon miya a tsakiya, ta gyara masa marfi, ta ja baya ta dafe ƙirji. Ta kulle ta zare makulli. Na tambayi boyinta ko ran baƙi za a sauke a zuba miya, ya ce in rufa masa asiri, ko gogewa ita ke yi da kanta.

Na so in ƙi komawa ƙauyen. Amma ƙafa ta saba, kuma na ce gara in je a kira ni ɗan banza a gama. Na tarar Lawali a gona yana sare karan yana ɗaurewa, zai sayar wa masu darni. Ya ce in an gama za su rufe gida su nufi kudu cin rani, har da tsohuwa, don ba abin da za a bar mata. Bai kira ni komai ba. Ya amsa gaisuwata ya ci gaba da sara.

Iya Falmata na zaune a bakin gonar a kan wani buhu, ta ƙara ƙanƙancewa. Na durƙusa na gaishe ta. Na jira ta ce mijin banza, ba ta ce ba. Ta tambayi mutanen gida, ta tambayi hanya, kamar baƙon da ta fara gani yau. Lawali na can yana ta sara. Can ta juyo da idanun nan masu hazo.

"Malam Mutari, kwanon nan ya isa lafiya?"

Na ce lafiya lau, Iya, ko ƙwarzane babu.

"Madalla," in ji ta. "Shi wanda ya saya, me yake zubawa a ciki?"